Kwame Nkrumah, malamin da ya so ɗan attajiri da ɗan talaka su zauna a benci ɗaya

An fi tunawa da Kwame Nkrumah a matsayin mutumin da ya jagoranci Gana ta karɓi 'yancin kai daga hannun Ingila ranar 6 ga Maris 1957, da kuma fafutukarsa ta haɗa kan Afirka. Sai dai kafin ya shiga siyasa malamin makaranta ne, da alli ya fara neman abinci, kuma wannan sana'a ta bi shi har fadar mulki. Cikin shekara 15 da ya yi yana riƙe da gwamnati, daga 1951 zuwa 1966, ɗaya daga cikin manyan batutuwan da ya yi ta fama da su shi ne wanda zai samu shiga makarantar gwamnati, da kuma wanda zai tarar a ajin idan ya shiga.

Batun bai mutu da shi ba. A unguwannin zango na birnin Akra, irin su Nima da Maamobi, inda Hausa ce harshen kasuwa da masallaci, kuma inda jikokin mutanen Kano, Sakkwato, Dosso, Tawa da Gawo suke zaune tare da mutanen arewacin Gana, har yau iyaye suna jiran sakamakon rabon makarantun sakandare da fargaba duk shekara. Rayuwar Nkrumah tana nuna yadda aka buɗe ƙofar makaranta ga talaka a wannan ƙasa, tana kuma nuna dalilin da ya sa buɗe ƙofar kaɗai bai kai ɗan zango cikin aji ba.

Ɗan maƙerin da aka kai makaranta da ƙyar

An haife shi a ƙauyen Nkroful da ke ƙasar Nzima, a kudu maso yammacin Gana. Ranar da hukuma ta amince da ita ita ce 21 ga Satumba 1909. Mahaifinsa maƙerin zinariya ne a garin Half Assini na bakin teku, mahaifiyarsa Nyaniba kuwa ƙaramar 'yar kasuwa ce da ba ta yi boko ba. Ita ce ta dage sai ya yi karatu. A farkon fari yaron ya riƙa gudowa gida, ita kuma ta riƙa mayar da shi makarantar 'yan mishan ta Katolika da ke garin har ya saba.

Kuɗin makarantar taro ne a wata. Ko wannan ɗan kuɗi nauyi ne ga gidan, shi ya sa yaron ya kama kiwon kaji yana sayarwa sisi-sisi domin ya taimaka da kuɗin makaranta da na littattafai. Da ya gama, aka riƙe shi a makarantar yana koyar da ƙanana, alhali shi kansa bai wuce yaro ba, har sai ya hau akwati yake kaiwa ga allo.

A 1926 wani Bature mai suna Alec Fraser, wanda aka ɗora wa shugabancin sabuwar kwalejin Achimota, ya kai ziyara makarantar, ya ga yadda matashin yake koyarwa, ya ba da shawarar a tura shi Akra ya samu horon malanta. Duk abin da Nkrumah ya zama daga baya ya ratsa ta wannan ƙaramar kafa: naci irin na uwa, da baƙon da ya zo wucewa ya lura da shi. Dubban yara masu basira irin tasa sun ƙare a gonar koko ko cikin kwalekwalen kamun kifi saboda babu wanda ya biyo ta ƙauyensu.

Achimota da shekaru goma a Amurka

Gwamna Gordon Guggisberg ne ya buɗe Achimota a watan Janairu 1927, makarantar gwamnati ta kwana mai ɗaukar maza da mata daga sassan ƙasar. A can Nkrumah ya haɗu da Dakta James Kwegyir Aggrey, baƙar fata da ke cikin shugabannin makarantar, wanda ya shahara da koyar da cewa baƙi da fari sai sun haɗu kiɗa yake daɗi. Shi ya sa tambarin Achimota har yau maɓallan fiyano ne baƙaƙe da farare. Aggrey ya rasu a birnin New York a 1927, amma ɗan gajeren zaman ya bar wa Nkrumah tasiri mai zurfi. A Achimota ya ga yadda ɗakin kwana ɗaya da kwanon abinci ɗaya suke mayar da yaran ƙabilu dabam-dabam abokan juna.

Ya kammala a 1930, ya koyar a makarantar Katolika ta Elmina, ya zama shugaban makaranta a Axim, sannan ya koyar a makarantar horar da limaman coci ta Amissano. A 1935 ya tafi Amurka ya shiga Jami'ar Lincoln, jami'ar baƙar fata a jihar Pennsylvania. Da guminsa ya yi wannan karatu: ya sayar da kifi a Harlem, ya yi aiki a masana'antar sabulu, ya wanke kwanuka a jirgin ruwa. Ya samu digiri a fannin tattalin arziki da zamantakewa a 1939, daga baya kuma ya samu digiri na biyu a fannin ilimi a Jami'ar Pennsylvania. A lokacin, doka a kudancin Amurka ta raba makarantun baƙaƙe da na farare, kuma kowa ya san wace ce ake zuba wa kuɗi.

Daga nan ya wuce Landan a 1945, ya taimaka wajen shirya babban taron 'yan kishin Afirka na Manchester a watan Oktoba na shekarar. A Disamba 1947 ya koma gida ya zama babban sakataren jam'iyyar UGCC, wadda lauyoyi da 'yan kasuwa masu hannu da shuni suka kafa.

Makarantar da ya kafa kafin jam'iyyarsa

Ranar 28 ga Fabrairu 1948 'yan sanda suka buɗe wuta kan tsofaffin sojoji masu zanga-zanga a Akra, aka kashe uku, gari ya rikice. Turawa suka kama shugabannin UGCC shida, aka kai Nkrumah Lawra, can ƙuryar arewa. Ɗaliban sakandare na Cape Coast suka yi bore suna neman a sake su, aka kori ɗalibai da dama tare da wasu malamansu.

Da aka sake shi, Nkrumah ya tattara waɗannan korarru, ya sa kuɗi daga albashinsa, aka buɗe musu makaranta a Cape Coast a watan Yuli 1948 da sunan Ghana National College. Shekara tara ke nan kafin ƙasar kanta ta ɗauki sunan Gana. Manyan UGCC ba su ji daɗin wannan gaban kai ba, kuma yana cikin abubuwan da suka raba su. Ranar 12 ga Yuni 1949 ya kafa jam'iyyar CPP, wadda ƙarfinta ya fito daga matasan da suka gama firamare ba su samu ci gaba ba, da matan kasuwa, da ƙananan ma'aikata. An ɗaure shi a 1950, amma a zaɓen Fabrairu 1951 jam'iyyarsa ta ci kujeru 34 cikin 38, shi kuma ya ci kujerar tsakiyar Akra yana kurkukun James Fort. Daga kurkuku aka kira shi ya kafa gwamnati.

Yadda ya tarar da makarantu

Ilimin bokon da ya gada a karkace yake ta fuska uku. Yawancin makarantu na coci ne, kuma ana biyan kuɗi. Sun taru a garuruwan bakin teku da yankin koko, inda kuɗi yake. Arewa kuwa Turawa sun ɗauke ta wurin samo lebura don ma'adinai da gonaki, da kuma sojoji da 'yan sanda, shi ya sa 'yan makarantun da aka buɗe a can suka fi karkata ga 'ya'yan sarakuna. Sai a 1951 aka samu sakandaren gwamnati ta farko a Tamale, alhali Cape Coast tana da tata tun 1876.

Mutanen zango suna tsakiyar kudu, amma halinsu ya fi kama da na arewa. Fataken goro da shanu da sojojin Hausa da Turawa suka kawo daga Legas sun kafa zangon farko a Akra tun ƙarni na 19, aka kafa Sabon Zango a farkon ƙarni na 20. Nima ta soma ne a farkon shekarun 1930 a matsayin wurin kiwon shanu na Malam Amadu Futa, a filin da ya samu daga mutanen Ga. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu ta cika da tsofaffin sojoji da 'yan cin rani. Bafaranshen nan Jean Rouch ya ɗauki fina-finansa na shekarun 1950 ne cikin irin waɗannan baƙi da suka sauko daga Nijar zuwa Akra neman kuɗi. Unguwar ta girma ba tare da tsarin hukuma ba, babu isasshen famfo, babu magudanan ruwa, balle filin makaranta.

Wannan ba ya nufin babu karatu. Kowane lungu yana da makarantar allo, kuma zangon Gana ya fitar da manyan malamai irin su Alhaji Umaru na Kete Krachi, haifaffen Kano da ya rasu a 1934, wanda ya yi rubuce-rubuce da Larabci da Hausa. Sai dai karatun allo ba ya ba mutum takardar shiga ofis, kuma ƙasar da za a gina ta masu takarda ce.

A buɗe yanzu, a gyara daga baya

Cikin watanni kaɗan da hawansa, gwamnatin Nkrumah, tare da ministan ilimi Kojo Botsio, ta kai majalisa shirin gaggauta bunƙasa ilimi na 1951. Daga Janairu 1952 aka soke kuɗin koyarwa a firamare. Yaran da suka shiga aji ɗaya a wannan shekara sun ninka na shekarar da ta gabata. Shirin ya kuma ɗora wa ƙananan hukumomi alhakin buɗe sababbin makarantu, ya rage wa coci-coci ikon buɗe nasu da kuɗin gwamnati yadda suka ga dama.

Suka ta taso daga shugabannin coci da wasu 'yan boko na da. Sun ce babu ƙwararrun malamai, za a cika azuzuwa da malaman da ba su da horo, darajar karatu za ta faɗi. Akwai gaskiya a maganarsu, domin an ɗauki dubban matasan da suka gama midil aka ba su gajeren horo aka tura su aji. Matsayin gwamnati shi ne yaron da ya kai shekara shida bana ba zai iya jira shekara goma a gama horar da malamai ba. Wanda ya taɓa kiwon kaji don biyan taro ya san abin da jira yake nufi ga gidan talaka.

Mataki na biyu ya shafi sakandare. Bayan samun 'yancin kai aka kafa asusun da ake kira Ghana Educational Trust da kuɗin hukumar cinikin koko, aka gina sababbin makarantu sama da ashirin, a garuruwa irin su Dormaa, Techiman, Apam, Swedru da Tamale. Akasarinsu na kwana ne, kuma ba a tsare ɗalibi a yankinsa. Ɗan Ashanti yana iya samun kansa a arewa, ɗan Dagomba a bakin teku. Ɗaya daga cikin waɗannan makarantu, Accra Girls, an buɗe ta a 1960, kuma a Maamobi take.

Ga arewa kuwa an yi tsari na musamman, gwamnati ta ɗauke wa ɗaliban yankin nauyin karatun sakandare har da abinci da wurin kwana. Wasu mutanen kudu sun kira wannan son kai, amma hujjar a fili take: wanda aka tsare a baya da gangan ba zai kamo ba idan aka ce kowa ya fara gudu daga inda yake. Alhaji Aliu Mahama, Musulmi na farko da ya zama mataimakin shugaban ƙasa a Gana a 2001, a sakandaren Tamale ya yi karatu a shekarun 1960. John Mahama, wanda mahaifinsa minista ne a gwamnatin Nkrumah, a makarantar Ghanasco ta Tamale ya yi sakandare, aji ɗaya da 'ya'yan manoma. Irin cakuɗar da aka yi niyya ke nan, kuma mutanen Gana da yawa suna ganin makarantun kwana na cikin dalilan da suka sa ƙabilanci bai kai ƙasarsu inda ya kai wasu maƙwabta ba.

Sai kuma dokar ilimi ta 1961, wadda ta mayar da firamare da midil kyauta kuma dole. Dokar ta hana a ƙi karɓar yaro a makaranta saboda addini, ƙasar asali, launin fata ko harshen shi ko iyayensa. Ga mutanen zango, waɗanda ake kallon da yawansu a matsayin baƙi, wannan sashe yana da nauyi ƙwarai. A 1963 aka fara raba littattafai kyauta. Alƙaluman gwamnati sun nuna cewa yaran firamare sun tashi daga wajen dubu 150 a 1951 zuwa sama da miliyan ɗaya a 1966, makarantun sakandare na gwamnati kuma daga 13 zuwa 105. Ƙasar ta samu jami'o'i a Legon da Kumasi a 1961, aka buɗe kwalejin jami'a a Cape Coast a 1962 musamman don samar da malamai.

Abin da ya tsare ɗan zango a bakin ƙofa

Flagstaff House, inda Nkrumah yake zaune yana mulki, ba ta da nisa da Nima, mai tafiya a ƙasa ma yana iya zuwa. Duk da haka 'ya'yan zango suna cikin waɗanda suka fi jinkirin cin moriyar wannan sauyi, kuma dalilan sun fi ɗaya.

Na farko tsoron rasa addini. Ko bayan 1952 coci-coci ne suke tafiyar da yawancin makarantun firamare, da addu'arsu ta safe da waƙoƙinsu, kuma an sha ganin yaron Musulmi ya shiga da suna ɗaya ya fito da wani. Uban da ya ƙi kai ɗansa yana kare abin da ya fi daraja a wurinsa ne. Ƙungiyar Ahmadiyya ta buɗe sakandare a Kumasi tun 1950, amma saɓanin aƙida ya sa yawancin mutanen zango suka nisance ta. Gwamnatin Nkrumah ba ta yi wani tsari na shigar da makarantar allo cikin ilimin hukuma ba, alhali a Nijar an buɗe madarasar farko mai haɗa Faransanci da Larabci a garin Say tun 1957.

Na biyu talauci. An soke kuɗin koyarwa, amma kayan makaranta da takalmi da abincin rana suna wuyan iyaye. Sama da haka, yarinyar da ke tallan ƙosai ko shinkafa da wake da safe, da yaron da ke taya uba dako ko tsaron shago, suna kawo abin da ake sawa a tukunya. Baturen Ingila Keith Hart, wanda ya zauna a Nima daga tsakiyar shekarun 1960 yana nazarin rayuwar baƙin Frafra, daga can ya fito da bayaninsa da ya shahara a duniya kan sana'o'in da ba sa cikin rajistar hukuma. A irin wannan rayuwa, ranar da yaro ya wuni a aji rana ce da gida ya yi asarar ciniki.

Na uku zaman baƙunta. Ƙidayar 1960 ta nuna wajen kashi 12 cikin 100 na mazauna Gana asalinsu daga wasu ƙasashe ne. Mutum yana iya yin shekara talatin a Nima yana cewa baɗi zai koma gida, kuma mai shirin komawa Sakkwato ko Dosso bai ga amfanin takardar makarantar Akra ba.

Na huɗu siyasa. Shugabannin zango da dama sun bi jam'iyyar Musulmi ta MAP, wadda ta yi adawa da CPP a shekarun 1950. A watan Agusta 1957 gwamnati ta kori Sarkin Zangon Kumasi Alhaji Amadu Baba da Alhaji Usman Lardan zuwa Najeriya, kuma a ƙarshen shekarar aka yi dokar hana jam'iyyun addini da na ƙabila. Wannan ya bar tabo. Gwamnatin da ta kori sarkinka, da wuya ka miƙa mata ɗanka da zuciya ɗaya.

Jarrabawar da ta sake raba yara

Ko yaron da ya tsallake duk waɗannan, akwai wani shinge a gabansa. Guraben sakandare kaɗan ne idan aka kwatanta da yawan masu fitowa daga firamare, kuma jarrabawar Common Entrance ce take raba su. A takarda wannan adalci ne, kowa tambaya ɗaya ake yi masa. A zahiri kuwa, manyan ma'aikata da 'yan kasuwa sun soma kai 'ya'yansu makarantun firamare masu zaman kansu, inda ake koyarwa da Turanci tun ranar farko, ake kuma horar da yaro musamman don wannan jarrabawa. Yaron makarantar gwamnati a unguwa mai cunkoso kuwa rabin yini yake samu, domin ƙarancin azuzuwa ya sa an raba yara kashi biyu, na safe da na rana.

Masanin ilimi Philip Foster, wanda ya yi nazarin ɗaliban sakandare na Gana a farkon shekarun 1960, ya gano cewa 'ya'yan manoma suna samun shiga da yawa, amma 'ya'yan masu ilimin boko da mazauna manyan birane sun fi samun gurbi nesa ba kusa ba idan aka duba yawansu a ƙasa. A 1973 wasu malaman jami'a na Gana, Addae-Mensah, Djangmah da Agbenyega, suka nuna cewa ɗaliban makarantun kuɗi, duk da ƙarancinsu, su ne suke kwashe kaso mai tsoka na guraben fitattun makarantu. Wato makarantun da aka gina da kuɗin manomin koko sun soma komawa hannun waɗanda suka iya sayen share fage. Ginin Accra Girls yana Maamobi, amma maƙwabtaka ba ta ba yarinyar unguwar gurbi, sai abin da ta ci a jarrabawa.

Faɗuwa da rasuwa

Shekarun ƙarshe na mulkinsa sun yi duhu. Dokar tsare mutum ba tare da shari'a ba ta 1958 ta cika gidajen yari da 'yan adawa, cikinsu har da J. B. Danquah, wanda ya rasu a kurkukun Nsawam a 1965. A 1964 aka mayar da ƙasar mai jam'iyya ɗaya. Siyasar ta shiga makarantu ta hanyar ƙungiyar yara ta Young Pioneers, wadda iyaye da dama suka zarga da koya wa yara girmama shugaba fiye da kima. Da bishop ɗin cocin Anglika na Akra ya soki ƙungiyar a 1962, sai aka kore shi daga ƙasar. Farashin koko ya faɗi warwas a 1965, kuɗin da ke riƙe da makarantun ya ja baya.

Ranar 24 ga Fabrairu 1966, yana kan hanyar zuwa Hanoi neman sulhu a yaƙin Biyetnam, sojoji da 'yan sanda suka kifar da gwamnatinsa. Shugaba Sekou Toure ya karɓe shi a Gini, ya ba shi muƙamin girmamawa na abokin shugabanci. Ya zauna a Konakiri yana rubuce-rubuce har ciwon daji ya kama shi, ya rasu a asibiti a Bukares ta ƙasar Romaniya ranar 27 ga Afrilu 1972. An binne shi a Nkroful, sannan a 1992 aka mayar da gawarsa hubbaren da aka gina masa a Akra.

Gadon da ake ci gaba da gyarawa

Bayan juyin mulkin yawan yaran firamare ya ragu na wasu shekaru. A Nuwamba 1969 gwamnatin Kofi Busia ta ba baƙi marasa takardun zama mako biyu su fice, aka kwashe iyalai da yawa daga zanguna, har da yaran da aka haifa a Gana. Waɗanda suka rage sun fahimci cewa takarda kariya ce, kuma ra'ayin iyaye game da boko ya soma sauyawa.

Gyaran da Nkrumah bai yi ba ya zo sannu a hankali. Daga shekarun 1970 aka fara tura malaman boko makarantun Islamiyya, a 1987 kuma aka kafa sashen ilimin Musulunci a ƙarƙashin hukumar ilimi ta ƙasa, inda gwamnati take biyan malamai, yaro ya koyi Larabci da Alƙur'ani tare da lissafi da Turanci. Wannan ya cire babban tsoron iyaye. A 2005 aka fara rabon guraben sakandare ta kwamfuta domin a rage alfarma da cin hanci. A Satumba 2017 gwamnatin Nana Akufo-Addo ta mayar da babbar sakandare kyauta, tare da ware kashi 30 cikin 100 na guraben fitattun makarantu ga yaran da suka fito daga makarantun gwamnati. A shekarar ne kuma aka yi dokar kafa asusun raya unguwannin zango.

Wannan kashi 30 amincewa ce da darasin da zamanin Nkrumah ya koyar. Soke kuɗin makaranta yana cika azuzuwa, amma ba ya hana masu hali su ware 'ya'yansu tun daga firamare, su dawo su karɓi mafi kyawun gurabe a sakandare. Idan ana son ɗan attajiri da ɗan talaka su haɗu a aji ɗaya, sai hukuma ta shirya hakan da gangan, kamar yadda aka yi wa arewa, kuma ta riƙa duba ko shirin yana kaiwa ga waɗanda aka yi shi dominsu.

A Akra ta yau, Nima da Maamobi suna kewaye da unguwannin masu kuɗi irin su Cantonments, Roman Ridge da unguwar filin jirgin sama, inda da wuya a samu gidan da yake kai ɗansa firamaren gwamnati. Makarantar da babu ɗan babban ma'aikaci a cikinta kuwa, rufinta yana iya yin shekaru yana yoyo ba a ji kukanta ba. Gurbin da aka ware a babbar sakandare ba zai amfani yarinyar Maamobi ba sai firamare da ƙaramar sakandaren unguwarsu sun ba ta abin da za ta ci jarrabawa da shi. Saboda haka aikin da ya rage wa sarakunan zango, limamai, ƙungiyoyin matasa da 'yan majalisar yankin yana can ƙasa: yawan yara a aji, zuwan malamai a kan lokaci, littattafai, da kuma neman hukumar ilimi ta riƙa bayyana, makaranta bayan makaranta, yara nawa daga Nima da Maamobi suka samu shiga fitattun makarantun sakandare a kowace shekara.